Sandar Makaho da Bakin Rami

Akwai wani nau'in wasan bidiyo da ba ya gaggawar nuna wa mai wasa hanya. Ana jefa shi cikin kogo ko tsohuwar fada, a bar shi da gudu da tsalle, ya yi ta laluben ƙofofi. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Metroid a 1986, kamfanin Konami kuma ya fitar da Castlevania: Symphony of the Night a 1997, kuma daga su biyun ne wannan zuriya ta gaji ɗabi'unta. Mutum zai ga tudun da tsallensa bai kai ba, ya wuce yana waiwaye. Bayan sa'o'i ya sami sabon iko, ya tuna da tudun, ya komo. Ke nan lungu ɗaya sai a bi shi sau goma ko fiye. In tafiyar kanta ba ta da daɗi a hannu, kyawun zane da kiɗa ba sa hana gundura.

Mene ne wannan daɗin? Masanin falsafa na Faransa, Maurice Merleau-Ponty, a littafinsa na 1945 kan yadda ɗan Adam ke tsinkayar duniya, ya kawo misalin makaho da sandarsa. Wanda ya saba da sanda ba ya jin ta a tafin hannu. Ƙasa yake ji a bakinta, domin sandar ta shiga cikin jikinsa. Haka madannan wasa suke. Muddin gwarzon da ke kan allo yana tashi a lokacin da yatsa ya taɓa, mai wasa yakan manta da na'urar da ke hannunsa, har ya ce shi ne ya tsallake ramin. Da zarar jinkiri ya shiga tsakanin yatsa da allo, ko da bai kai rabin sakan ba, sanda ta koma itace.

Super Metroid na 1994 ya kai wannan al'amari nesa. A wani wuri Samus, jarumar wasan, takan faɗa rami mai zurfi, ta tarar da wasu ƴan halittu suna hawa sama ta hanyar dirkar bango su koma ɗaya bangon.  Ikon yin wannan tsalle yana jikinta tun farkon wasan. Yatsun mai wasa ne ba su sani ba. Wanda ya fita daga ramin bayan faɗuwa ashirin ya san cewa ba kyauta aka yi masa ba, kuma daga ranar kowane bango a wasan ya zama tsani a idonsa.

Sai dai a nan ne tambayar adalci take tasowa: in mai wasa ya faɗi, laifin wa? Castlevania na farko, na 1986, ya ba da amsa mai tsauri. Da zarar jarumin ya bar ƙasa, ba a iya sauya alƙiblarsa a iska. Wanda ya yi tsalle ya riga ya yanke hukunci, sai ya jira sakamako. Wasannin baya-bayan nan sun bi wata hanya. A Celeste na 2018, wasan hawan dutse da ya yi suna wajen wuya, in mai wasa ya makara kaɗan, ƙafar jarumar ta riga ta wuce bakin rami, wasan yakan karɓi tsallen kamar a kan lokaci aka yi shi. In kuma ya danna kafin ta sauka, wasan ya riƙe umarnin har ta taɓa ƙasa. Masu wasan sun bayyana waɗannan dabaru da kansu daga baya, amma a cikin wasan ba a faɗa wa kowa.

Mai tsaurin ra'ayi zai ce wannan yaudara ce: an bar mutum yana alfahari da gwanintar da aka cika masa a ɓoye, kamar ɗalibin da malami ya ƙara wa maki bai sani ba. Ƙorafin yana da nauyi, amma kwatancin ya karkace. Makin da aka ƙara yana shaidar ilimin da babu shi. Shi kuwa mai wasa ya ga ramin, ya auna shi, ya ƙudura tsalle a inda ya dace. Abin da ya makara tafiyar saƙo ce daga ido zuwa yatsa, daga yatsa zuwa allo, kuma wani kaso na wannan jinkiri na na'urar ne. Wasan da ya kashe shi a kan haka ya hukunta shi ne bisa abin da ba ya cikin ikonsa. Sassaucin bai rage faɗin ramin ba, bai kuma cire ƙayoyin da ke ƙasansa ba. Shi ya sa duk da wannan rangwame, Celeste yana ƙirga wa mai wasa yawan mutuwarsa a kowane babi, kuma sabon shiga yakan tara ɗaruruwa kafin ya ga ƙolin dutsen.