Ilimi ɗaya ne, mu muka yanka shi

Jadawalin darussan firamare yana koya wa yaro abin da babu malamin da ya furta: wai lissafi na da sa'arsa, da an buga ƙararrawa sai a rufe shi a buɗe kimiyya, zane kuwa sai in lokaci ya ragu. Wani tsari da ya taso daga Amurka yana kira da a haɗa kimiyya, fasaha, injiniyanci, zane-zane da lissafi cikin aiki guda. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta girme shi: shin rabe-raben nan a cikin halitta suke, ko kuwa mu muka yi su don sauƙin koyarwa? Hujja ta fi karkata ga na biyu, don haka bai dace yaro ya fara da guntaye ba tun bai ga cikakken abu ba.

Magabata ba su san wannan katanga ba. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, ya ba da kaso mai yawa na littafin ga wasiyya da rabon gado, domin fikihu ne ya buƙaci lissafin. Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya sa likitanci da lissafi, har da noma da saƙa, cikin farillar da in wasu suka ɗauke ta ta faɗi a kan saura. A nan gida, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da laka da azara. Bakan gizon da ya ɗaure rufin da shi ya buƙaci sanin nauyi, da halin ƙasa, da awo, da idon da ya san kyau, duk a kai guda. Wane darasi ne cikin jadawali zai ce aikin nasa ne shi kaɗai?

Masu sukar haɗa fannoni suna da magana mai nauyi. Sukan ce yara da yawa na gama firamare ba su iya karatu da ƙidaya ba, to me ya kai mu ga injiniyanci? Gaskiya ne, babu abin da zai maye gurbin haddar jadawalin sau da koyon baƙi da wasali. Sai dai yaron da aka ce ya haɗa gadar kara da za ta ɗauki dutse dole ya auna, ya ƙirga, ya rubuta abin da ya gani, nan ne lamba take samun dalili. Wasu sukan ce babu kayan aiki. Ai marinar Ƙofar Mata a Kano, inda ƙyalle ke fitowa kore daga ruwan baba da toka sannan iska ta mai da shi shuɗi, darasin kimiyya ce da ba ta neman kwamfuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horar da malamai. Mai tsoron zane saboda addini kuwa ya tuna cewa saɓanin malamai a kan surar mai rai yake, zayyanar allo da adon bango kuwa lissafi ne tsagwaronsa.

Rarrabe fannoni na da ranarsa, domin zurfi ba ya samuwa sai da keɓancewa, kuma sakandare da jami'a na nan don haka. Firamare kuwa aikinta ta nuna wa yaro cewa duniyar da aka umarce shi ya yi tunani a kanta guda ɗaya ce.