TAKALMINA YA TSINKE A BATA



'Yan uwa, yau da laifin kaina zan fara, domin wa'azin da bai fara ta kan mai yin sa ba bai cika shiga zuciya ba.

Ranar Talatar da ta wuce na sauka daga adaidaita sahu a Bata, zan shiga kasuwar Sabon Gari in sayo wa yara littattafan makaranta. Ƙafata na taɓa ƙasa sai igiyar takalmina ta tsinke. Ga mai gyaran takalma nan a gefen titi, amma wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne in lallaɓa in sayi sabo, kada wani mai bi na sallah ya ga liman zaune a benci da ƙafa ɗaya ba takalmi. Kuɗin da ke aljihuna kuwa na littattafan ne. Ashe na kusa taɓa haƙƙin 'ya'yana saboda idon mutanen da ba su ma san ina yi ba.

Na daure na zauna. Dattijon ya miƙo min wani tsohon silifas, ya ɗauki basilla da zare, ya ce: "Allah gafarta Malam, fatar nan da sauranta, ɗinkin ne kawai ya gaji." Kafin minti goma ya gama. Na ce: "Baba, nawa ne?" Ya ce naira 300. Ina tafiya ina tambayar kaina: kunyar me na ji?

Imam Ahmad ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha (RA) abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, sai ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Fiyayyen halitta ke nan. Ni ko basillar ban riƙe ba, zama kawai na yi wani ya gyara min, amma zuciyata tana ganin an rage min daraja. Idan ba girman kai ba ne wannan, to ƙaninsa ne.

Addininmu ya girmama aikin hannu. A Sahihul Bukhari, hadisin Miƙdam ya nuna babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci da gumin hannunsa, kuma Annabi Dawud (AS), da sarautarsa, haka yake ci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Uwar muminai Zainab bint Jahsh (RA) tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, malaman tarihi suka ce jima take yi da ɗinkin fata. A nan ƙasarmu ma an ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufka igiya ya sayar don ya ci halalinsa.

Shi kansa wurin da na zauna ɗin darasi ne. Bata sunan mutum ne, Tomas Bata, ɗan mai ɗinkin takalma, wanda ya kafa kamfaninsa tare da 'yan uwansa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894. Kantin takalman kamfanin ne ya bar wa wurin wannan suna. Kullum kwandasta yana kiran sunan baduku Bature, muna rububin shiga mota, amma idan ɗan badukun unguwarmu ya zo neman aure sai a fara bincikar asali. Alhali lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya rubuta a kan arzikin garin shi ne saƙa da rini da takalma, ana kai su har bayan Sahara. Fatar da majemanmu suka jeme ita ake kaiwa Turai a sayar da sunan fatar Maroko. Da hannu aka gina garin nan.

Har yau hannun bai mutu ba. Zaga Fagge ka ga teloli da masu aikin wuyan riga. Dubi masu narka gwangwani su zuba tukunya, da masu yanka tsohuwar taya su fitar da takalmi, da masu ƙera kurfoti daga ragowar ƙarfe. A cikin gidaje akwai mata masu ɗinkin hula, da saƙar kayan jarirai, da haɗa ƙyallayen atamfa su zama zanen gado. Abin da mai kuɗi ya yar, shi wani yake mayarwa abincin iyalinsa.

To ina matsalar take? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda rayuwa ta koma. Kuɗin shiga ya ragu, amma son a gani yana nan yadda yake. Magidanci zai ci bashi ya sake waya alhali tsohuwar tana aiki. Uwargida za ta ɗauki adashin da aka tara don kuɗin makaranta ta yi ankon biki, kayan da sau ɗaya za a sa. Uba zai sayar da fili don kayan ɗaki, wai kada dangin miji su raina. Mun mayar da bashi abin wasa, alhali Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi mata sallah saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, Allah ya hana almubazzaranci, ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu.

Amma fa kada wani marowaci ya ɗauki rubutun nan ya kai wa matarsa a matsayin hujja. Tattali daban, rowa daban. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wanda Allah ya hore wa ya sa sabo mai kyau, ya wadata iyalinsa, Allah yana son kyau. Kuma ba tattali ba ne ka shiga babban kanti ka biya abin da aka rubuta ba musu, sannan ka zo kana ja-in-ja da dattijo a kan naira 100, ko ka karɓi ɗinkin sallah ka bar tela yana bin ka har wata sallar. Wanda ya sa aiki ya hana lada yana cikin mutum uku da Allah ya ce zai yi husuma da su ranar ƙiyama, kamar yadda ya zo a Bukhari. Ku ma masu sana'a, ku ji tsoron Allah a kan alƙawari da ingancin aiki.

Shawarata gare ni da ku: kafin ka yar da abu, tambayi mai gyara. A ajiye allura da zare a gida, a koya wa yara maza da mata sa maɓalli da kama yagewa. Lokacin hutu, a kai yaro wurin amintaccen mai sana'a ya koyi wani abu, ko da likita kake so ya zama. Wanda ba ya bukatar tsohon kayansa ya wanke, ya gyara, ya ba wanda zai amfana.

Takalmin nan dai da shi na ja sallar Asuba yau, yara kuma sun samu littattafansu.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya sa albarka a hannun masu nema, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya raba mu da girman kai na fili da na ɓoye. Amin.

Wallahu a'alam.