Cinikin Biri a Sama

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, tun kaka da kakanni Hausawa suka yanke hukunci a kan sayen abin da ido bai gani ba, hannu bai taɓa ba, suka raɗa masa suna cinikin biri a sama. Dattijon da ya shiga Kasuwar Kurmi ko ta Ƙofar Wambai neman takalmi, ba ya buɗe baki ya taya sai ya juya shi ciki da bai, ya lanƙwasa shi, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya zura ƙafa ya ɗan taka. In an sallama masa, to abin da ya gani shi ya saya, domin gani ya kori ji.

A yau kuwa ji ne ya kori gani. Matashi na zaune a Ƙofa ko Bebeji ko Kiru, sai ya ci karo da hoton takalmin kambas a WhatsApp ko Facebook ko Jiji, fari sol, ga tambarin Nike ko Adidas a gefe. A ƙarƙashin hoton an rubuta kalmomi kaɗan: orijina ne, lamba arba'in da biyu, sau biyu kacal aka taka. Su yi ciniki a rubuce, ya tura kuɗi, mai kaya ya kai ƙunshin tasha a Kano ya damƙa wa direba, a sauke a Kwanar Ɗangora, ko a wuce da shi Tudun Wada ko Doguwa. Tun farkon 2023, lokacin da canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare har a ƙauyukanmu, wannan irin ciniki kuma ya samu gindin zama. Da yawa daga samarinmu ma ba saye kaɗai suke yi ba: su sa takalmin su yi sallah da shi, su wanke shi tas, su ɗauki hotonsa, su sake sa shi a kasuwa su ƙara kuɗi su sayi wani.

Ba mu ga laifin wannan sana'a ba, hasali ma ta raba matasa da dama da zaman kashe wando. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata tambaya da ta shafi ɗabi'a: idan mai saye ba ya iya gani, ba ya iya taɓawa, to mene ne ainihin abin da ya ba da kuɗinsa a kai? A namu ganin, magana ya saya. Takalmin sai daga baya zai iso, amma a lokacin da kuɗi suka bar hannunsa ba shi da komai sai hoto da 'yan kalmomi. Ke nan duk nauyin da a da ido da hannu suke ɗauka, yanzu ya koma wuyan kalma ita kaɗai.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mu san inda wannan kasuwa ta samo asali. A 1985 kamfanin Nike na Amurka ya fitar da takalmin da ya sa wa sunan ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan, a kan dala 65. Sannu a hankali kamfanoni suka gano cewa in suka fitar da wani samfuri kaɗan, mutane za su yi ta rububinsa, waɗanda suka riga samu kuma su sayar wa waɗanda suka rasa da riba mai tsoka. Har ta kai a watan Afrilun 2023 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da sawu guda da Jordan ya buga wasa da shi a 1998 a kan dala miliyan 2.2. Mai karatu ya san roba da zare ba su kai wannan kuɗi ba. Suna aka saya, da kuma shaidar cewa takalmin shi ne ba wani ba. Duk inda suna ya yi tsada haka kuwa, jabu na biye da shi. Wani rahoto da ƙungiyar OECD ta fitar a 2019 ya nuna cewa a cikin jabun kayan da jami'an kwastan na duniya suka kama, takalma ne a kan gaba, da kashi 22 cikin ɗari.

Domin maganin wannan ne kasuwar StockX, wadda aka buɗe a birnin Detroit a 2016, ta sa kanta a tsakani. Mai kaya ya faɗi kuɗinsa, mai saye ya taya, in sun daidaita sai a aika takalmin wurin ma'aikatan kasuwar su duba kwali da ɗinki da tambari, sannan a tura wa mai saye, su kuma su cire la'adarsu. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin dillanci ne. Haka fataken shanu suka riƙa yi a Sabon Ibadan, inda maigida ke tsaya wa baƙonsa, ya lamunci mahaucin da ya ɗauki sa bashi, da mutuncinsa a matsayin jingina. To amma a 2022 kamfanin Nike ya shaida wa kotu a Amurka cewa ya sayi sawu huɗu na jabu daga wannan kasuwa mai masu tantancewa. Idan kamfani mai ma'aikata da na'urori zai iya tuntuɓe, ina ga yaronmu na Kiru wanda ba shi da dillali sai direban da bai san abin da ke cikin ƙunshin ba? A wurinmu, gaskiyar mai kaya ita ce kaɗai shingen da ya rage.

Addininmu bai bar wannan fage haka nan ba. Sananne ne labarin da ya zo a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, sai ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan aka nesanta mai algus daga al'umma. Abin lura a nan shi ne, a waccan kasuwa akwai damar cusa hannu, amma duk da haka aka ɗora wa mai kaya nauyin bayyanawa. To ina ga kasuwar da hannu ba ya shiga? Wanda ya ɗauki hoton takalmi ta gefen da bai tsage ba, ko ya kara shi a haske don ɓoye koɗewa, ya tura jiƙaƙƙen ƙasan tsibi ke nan, ko da bai furta ƙarya ko guda ba.

Bugu da ƙari, littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda aka wallafa fiye da shekara dubu da suka wuce kuma har gobe ake karanta shi a zaurukanmu, ya halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki matuƙar an siffanta shi, har ma ya halatta sayen kayan da ke ɗaure cikin dila bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Sai dai ya yi togaciya a kan sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, in ba wurin na kusa ba ne ko kayan ba masu saurin canzawa ba ne, kuma ya hana ɓoye aibi. Fatawa ta malamai ce, ba tamu ba. Abin da muka tsinta kawai shi ne, magabata sun yarda kalma ta tsaya a madadin kaya, bisa sharaɗin ta zama daidai da kayan. In siffa ta gaskata, biri ya sauko ƙasa, ciniki ya yi kyau. Ita ma dokar kare haƙƙin mai saye ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba in suka saɓa wa yadda aka kwatanta masa su.

Wani zai ce, ai malam wannan duk a fili yake, amma yawancin cinikin da ake yi a garuruwanmu ba haka yake ba. Saurayin da ya tara kuɗin ƙwadago a gonar shinkafa ko masara ya san sarai cewa kuɗinsa ba su kai na takalmin kamfani ba, mai sayarwa ma ya san ya sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To wa aka cuta? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma mun yarda cewa tsakanin waɗannan mutum biyu babu yaudara. Ba ma kuma cikin masu yi wa talaka dariya don ya yi kwalliya daidai aljihunsa. Amma ciniki ba ya ƙarewa a kan mutum biyu.

Na farko, takalmi ya fi hira tsawon rai. Wanda ya saya da saninsa, bayan wata uku shi ne zai ɗora shi a waya, kuma zuciya za ta raya masa ya maimaita kalmar nan da aka rubuta masa, orijina, ga wani yaro na Doguwa wanda shi bai san dawan garin ba. Ƙaryar da aka yi da wasa a ciniki na farko, sai ta zama ta gaske a ciniki na biyu. Na biyu, kalmar kanta tana lalacewa. Idan kowane takalmi orijina ne, to mai gaskiyar da ya fasa dilar gwanjo ya tsinci na ainihi, da wane baki zai faɗa a yarda da shi? An riga an cinye masa kalmarsa, dole ya koma rantse-rantse, rantsuwar ma ta yi araha. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi girma, domin ba ta da mai ita balle a kai ƙara: kowa ya ɗebi kaɗan daga rumbun yarda na jama'a, har a wayi gari rumbun ya zama wayam.

Na uku shi ne mai sunan, kuma a nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Mu marubuta mun san zafin a ci da guminka. A shekarun 1990, lokacin da littattafanmu suka cika kasuwannin Kano har aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, satar fasaha na cikin abin da aka fi kuka da shi. A yau kuma marubuciya za ta sayar da littafinta ta waya, kafin gari ya waye an raba shi kyauta a zauruka goma. In muka ce kamfanin takalmi attajiri ne, ba zai ji a jikinsa ba, to mu tuna mai raba littafinmu ma yana da tasa hujjar, cewa shi talaka ne kuma marubuci ba zai mutu ba. Gaskiya ne asarar ba ɗaya ba ce, amma dalilin da ake kafawa guda ne, kuma ba ya kyautuwa mu ƙi shi a kan littafi mu karɓe shi a kan takalmi.

Akwai ma asarar da ta fi wannan kusa da mu. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalman da dukawanmu ke ɗinkawa cikin manyan hajojin da fatake ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyarmu kuwa ta ƙetare Sahara ta shiga Turai, amma da sunan fatar Maroko aka san ta. Mun taɓa rasa sunanmu a kan kayanmu, ba da son ranmu ba. Yau kuma da hannunmu muke yi: mai ɗinkin takalmi a Aba ko Kano ya zuba gwaninta, sannan ya manna sunan Italiya, domin ya san in ya sa nasa ba za mu taya ba. Laifin nan rabi nasa ne, rabi namu masu saye.

Tun da mun ambaci masu saye, kada a ɗauka su wankakku ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai tura alat na bogi ya karɓi kaya ya kashe waya. Akwai mai cewa a kawo ya biya in ya gani, a biya kuɗin mota tun daga Kano, sannan ya ce ya fasa ba tare da wani aibi ba. Akwai mai sa takalmi ya je biki ya dawo da shi ya ce ya matse shi. Shi ma mai saye magana yake bayarwa, kuma shi ma za a tambaye shi a kanta.

Abin da muke kira gare shi ba mai wuya ba ne: a kira kowane abu da sunansa. In kwaikwayo ne a ce kwaikwayo ne, mai so zai saya. In gwanjo ne a faɗi inda ya ci, a ɗauki hoton dunduniyar da ta suɗe kafin a ɗauki na tambari. In kayan ba sa hannunka, hoton wani ka ɗauko, ka faɗa cewa kai dillali ne. In abin da ya isa ya saɓa wa abin da ka rubuta, ka karɓi kayanka ka mayar da kuɗin mutane ba tare da an kai ga mai unguwa ba. Mai yiwuwa ribar yau ta ragu, amma a ƙananan garuruwa irin namu, inda kowa ya san gidan su kowa, wanda aka shaida da faɗin aibin kayansa ba zai rasa masu nemansa ba.

Mu kuwa da Allah Ya ba alƙalami, kalma ita ce jarinmu, kuma duk ranar da ta faɗi a kasuwa mu ne farkon masu asara. Ya kamata wannan sabuwar kasuwa ta shigo cikin ƙagaggun labaranmu da wasanninmu da waƙoƙinmu, da samarinta da direbobinta da dabarunta, domin matasa su ga kansu a ciki su yi wa kansu hisabi. Kafin nan kuma mu fara da namu tallan: abin da muka rubuta a bangon littafi ya zama shi ne a cikinsa. Allah Ya sa mu dace, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin.