Zanen da na'ura ta yi, aikin wa ne?

Jama'ar Gidan Amumune, ga tambaya don hirar dare.

Yanzu akwai zanen da hannu bai taɓa ba. Mutum yana ba kwamfuta doka. Ya ce mata: ja layi kaza, sa shuɗi nan, sa ja can, sauran ki zaɓa. Sai ta fito da zane ɗari, babu biyu iri ɗaya. Wata mata mai suna Vera Molnar ta soma wannan aiki a Paris, cikin Faransa, a 1968. Ta rasu a 2023. Wani lokaci takan bar wa na'urar ɗan hargitsi da gangan, kashi 1 cikin 100, don kada zanen ya bushe.

To, aikin wa ne? Na matar ko na ƙarfen?

Ku dubi marina. A Ƙofar Mata ta Kano har yau ana rini cikin rami. Marini yana haɗa baba da toka da ruwa, ya jira kwanaki. Mace ta ɗaure farin ƙyalle da zare, a tsoma. In an cire shi kore ne, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Ita kanta ba ta san dukan abin da zai fito ba sai ta kwance zaren. Amma ba wanda ya taɓa cewa rami ne gwani. Ramin bai san kyau ba. Ita ce ta ɗaure, ita ce kuma za ta ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

A ganina haka kwamfuta take. Wajenta launi lissafi ne, ja da kore da shuɗi a gauraye. Ba ta san abin da koren hatsi yake yi wa zuciyar manomin Mayayi bayan fari ba. Ba ta san fari launin likkafani ba ne, kuma launin rigar Salla. Buzu yana son turkuɗi har ya rine masa fuska, wani kuwa dauɗa zai gani. Launi ɗaya, zuciya biyu.

Sai dai akwai inda misalin marina ya tsaya. Sabbin na'urorin da ke yin hoto cikin salula ba da doka kaɗai suke aiki ba. An nuna musu miliyoyin hotunan da mutane suka zana, galibi ba a tambaye su ba. A 2018 an sayar da wani hoto irin wannan a New York kan dalar Amurka 432,500. Masu zanen da aka koya daga aikinsu sun daɗe a kabari. Amma na yau suna da rai, suna da iyali. In gobe na'ura ta kwaikwayi zanen ƙwaryar da wata tsohuwa take kaiwa kasuwar Tasawa, aka buga shi a atamfa, wa zai je ya neme ta da rabonta?