Ko Hoton Teku Yana Iya Yin Ƙarya?

Gidaje da yawa suna da kalanda mai ɗauke da hoton teku: rana tana faɗuwa, ruwa ya yi ja kamar garwashi, ga kwalekwale guda can gefe. Mai kallo yakan zaci mai hoto ya iso ne kawai ya ɗauka. Ba haka abin yake ba. Da tsakar rana haske yakan sauko kai tsaye, ruwa ya yi ta ƙyalli, raƙuman ruwa su rasa inuwa. Saboda haka masu wannan sana'a sukan jira sassafe ko gab da faɗuwar rana. A lokacin nan haske yakan ratsa iska mai yawa kafin ya iso, shuɗinsa ya warwatse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su rage, kowane raƙumin ruwa kuma ya sami inuwar da ke nuna tsayinsa. Sa'an nan sai mai hoto ya yanke shawarar inda zai sa layin da sama ta haɗu da ruwa, da dutsen da zai bari a gaba domin ido ya sami wurin tsayawa. Duk wannan zaɓi ne, wanda ya zaɓi abu kuwa ya bar wani a waje.

A shekara ta 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya ɗauki hoton babban raƙumin ruwa a garin Sète, bakin Bahar Rum. Gilashin ɗaukar hoto na zamanin ba ya iya kama sama da teku tare: in ruwa ya fito sosai, sai sama ta zama fari fat, ba gajimare ko ɗaya. Le Gray ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, sama a wani, ya haɗa su a kan takarda guda. A 1999 an sayar da hoton nan a Landan a kan fam sama da 500,000.

To, ya yi ƙarya ke nan? Da wuya a ce haka. Idon wanda ya tsaya a bakin ruwa yana ganin gajimare da raƙuman ruwa a lokaci guda. Na'ura ce ta kasa, shi kuwa ya cike mata gurbi. Amma daga baya masu bincike sun gano cewa ya yi amfani da sama guda a hotuna dabam dabam. A nan maganar ta ƙara nauyi, gama gajimaren da bai taɓa tsayawa bisa wannan ruwa ba an kawo shi ya ba da shaida. Mai sayen hoto domin ado bai yi hasarar kome ba. Wanda ya karɓe shi a matsayin labarin wata rana da wani wuri, shi aka ruɗa, ko da yake ba a furta masa kalma ko ɗaya ba. Ashe ana iya shaidar zur baki a rufe.

Akwai kuma hoton da ba a haɗa kome a cikinsa ba, amma tambayar ba ta ƙyale shi ba. A Elmina ta ƙasar Ghana akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Da yamma farin bangonta yakan sha hasken rana, jiragen masunta masu launi iri iri suna jere a ƙarƙashinta. Kowane abu a hoton gaskiya ne. Sai dai a bayan bangon nan akwai ɗakuna masu duhu inda aka tsare mutane maza da mata, kafin a fitar da su ta ƙunƙuntar ƙofa zuwa jiragen bayi. Yaron da ya ga hoton a bangon gida ba zai san wannan ba, sai in wani babba ya zaunar da shi ya faɗa masa.