Kallon Mazari Ɓata Lokaci Ne?

Kowa ya iya cewa "jikinsa na rawa kamar mazari", amma mutum nawa ne ya taɓa tsayawa ya kalli ƙwaron nan mai fikafikai huɗu? Ni dai tun daminar bara nake zama bakin kududdufin bayan unguwarmu bayan la'asar, ina kallonsa. Wani abokina ya ce: "To, nawa ake biyanka?"

Tambayar ta tsaya mini a rai, domin mun saba auna komai da riba.

Da kallo na gane iri biyu ne: babban yana sauka da fikafikai a buɗe, siririn kuma yakan haɗe nasa a gadon baya. Daga baya na karanta cewa kafin mazari ya yi fiffike, yakan yi watanni cikin ruwa, wani ma shekaru, yana farautar ƙananan halittu, har da tsutsar sauro. Sai dai in na ce don sauro nake zuwa, na koma kan ma'aunin abokina ke nan.

Dalilina daban ne. Abin da ba ka taɓa kallo ba, ba za ka san ranar da ya ɓace ba. Yanzu haka ana cike kududdufin da shara don a yanka fuloti. In an gama, za a ce an samu fili, ba mai cewa an yi rashi. Halittar da Allah Ya yi mana maƙwabciya tana da haƙƙi a kanmu, mafi ƙanƙantarsa shi ne mu san tana nan.