Wayar Mutumin Kurmi

Jama'a, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kamata in kawo ta wannan fili namu, ko malamai da 'yan'uwa ɗalibai sa taya ni warware ta. Tambayar kuwa ita ce: shin ya dace mutum ya so wa wani ya dawwama a yadda ya gan shi, alhali shi kansa ya ɗaura ɗamarar barin yadda ya taso? A bakin wani kogi na tsinci wannan tambaya, can cikin kurmin ƙasar Maleshiya.

A shekarar 2018 aka tura mu, mu 'yan kaɗan, mu yi zango ɗaya na karatu a wata jami'a kusa da Kwala Lamfur, bisa tsarin musayar ɗalibai. Da hutun tsakiyar zango ya zo sai muka yi karo-karo muka nufi Taman Negara, watau gandun dajin ƙasa. Turawan mulki ne suka keɓe shi a ƙarshen shekarun 1930, suka sa masa sunan Sarki Joji na Biyar, bayan samun 'yancin kai a 1957 aka sake masa suna. Faɗinsa murabba'in kilomita 4,343 ne, ya ratsa jihohi uku. A mota muka je har gaba da garin Jerantut, hagu da dama ba ka ganin komai sai gonakin kwakwar manja. Daga nan muka shiga kwale-kwale mai inji, muka bi kogin Tembeling kamar awa uku kafin mu sauka a ƙauyen Kuala Tahan.

Ni da na taso inda kuka da tsamiya suke tsaye ɗai-ɗai, inda kake hango mai jaki tun yana tafiyar rabin awa da kai, wannan daji ya cika ni da mamaki. Rana tsaka amma ƙasa kamar almuru, domin itatuwa sun haɗe kai sun rufe sama. Gumi kuwa ba ya bushewa. Kukan ƙwari kamar kana tsaye kusa da injin niƙa. Matsattsaku suka yi ta shagali a ƙafafunmu, ba ka sanin sun kama ka sai ka ga jini a safa. Har muka hau wata gadar igiya da aka ɗaura daga wannan itace zuwa wancan, wajen mita 40 daga ƙasa, na gama ta ina salati.

Kashegari aka kai mu wani zango na mutanen Batek. Su ɗaya ne daga cikin ƙabilun da ake kira Orang Asli, watau mutanen asali; kalmar daga Larabci take, tushe ɗaya da tamu. Mafarauta ne, masu tonon doyar daji, ba su da yawa, kuma an san su da raba duk abin da aka samo tsakanin kowa da kowa a zango. Wani magidanci ya nuna mana yadda ake kunna wuta da gogen itace, sa'an nan ya ɗauko wata doguwar gora, ya sa 'yar kibiya a ciki, irin wadda suke shafa wa dafin itacen ipoh in za su harbi biri. Ya hura, ta tafi ta soki wata 'yar tsana da aka kafe don baƙi. Muka yi tafi. Ana cikin haka sai wani abu ya yi ƙara a ƙugunsa. Ya jingine gorar, ya zaro wayar hannu, ya amsa.

To, mai karatu, ga inda gizo yake saƙar. Raina ya ɓaci. Na ji kamar an cuce ni, kamar na biya kuɗin nono an ba ni tsala. Da na zo ɗaukar hotonsa sai na karkata na'urar yadda hannun da ke riƙe da wayar ba zai fito ba.

Sai da dare, ina kwance ina sosa cizon matsattsaku, na tuna wani abu. Ina yaro an taɓa kai ni kallon hawan salla, wani Bature mai ɗaukar hoto ya roƙi kawuna, wanda ya sha rawani da alkyabba, ya tuɓe agogonsa da tabarau kafin ya ɗauke shi. Kawu ya tuɓe don kunya, amma ya daɗe yana mita, yana cewa shi wannan mutum so yake ya kai wa 'yan garinsu hoton kakana, ba nawa ba. Ashe laifi tudu ne. Ga ni na ƙetare teku a jirgin sama don neman ilmin da zai raba ni da fartanya, da waya biyu a aljihuna, ina jin haushin wani don ya mallaki guda ɗaya.

Me nake so daga gare shi? In an bi ta barawo, so nake ya zama abin kallo. Wanda ya je kallo kuwa ya riga ya zana abin da zai gani tun daga gida, duk abin da ya saɓa wa zanen nan sai ya kira shi gurɓacewa. Alhali mutanen Batek ba su taɓa zama a rufe ba. Tun zamanin kakanninsu suke fito da kayan daji bakin kogi, kamar igiyar da ake saƙa kujeru da ita da itacen ƙamshin nan da Larabawa ke kira udu, suna musaya da gishiri da wuƙaƙe da tufafi. Wuƙar ƙarfe ma wata rana baƙuwa ce a hannunsu. Ban ga dalilin da zai sa ta zama al'ada, waya ta zama ɓatan kai ba, in ba don ni na saba ganin ɗaya a hotuna ba.

Amma da na faɗa wa wani abokina wannan tunani, mai karatun ilmin tsirrai, sai ya ce na yi saurin wanke kaina. Ya ce haushin nan da na ji ba duka ne son kai ba. Mutumin da ya san sunan kowane ganye da amfaninsa, in jikansa ya tashi bai sani ba, an yi hasarar da babu jami'ar da za ta mayar. Ya kuma tambaye ni, wa ya ce maka su suka zaɓi sakewar? Ka manta gonakin kwakwar da muka ratsa?

Maganarsa tana da ƙarfi, ba ni musu. Kwakwar manja, wadda asalinta daga Afirka ta Yamma take, an fara noma ta don kasuwa a Maleshiya a 1917, ta kuma cinye daji mai yawa wanda dā mutanen asali ke yawo a ciki. Sai a 2002 wata babbar kotu ta yanke wa 'yan ƙabilar Temuan hukuncin cewa suna da haƙƙin mallakar ƙasar gadonsu, wadda aka karɓe don shimfiɗa titin zuwa filin jirgin saman Kwala Lamfur. A 2019 kuma, bayan na dawo gida, na ji labarin mutum 15 na Batek sun mutu a Kuala Koh ta jihar Kelantan, hukuma ta ce ƙyanda ce, cutar da allura ke hanawa. Wanda aka sare wa daji, aka bar shi a gefen gonar wani, ba za a ce ya zaɓi sabuwar rayuwa ba. Tura shi aka yi.

Sai dai a nan ne na rabu da abokina. Mai sare daji yana cewa ku sake, don ya sami ƙasa. Ni mai kallo ina cewa kada ku sake, don in sami hoto. Ɓarnarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, amma ni da shi mun yi tarayya a abu guda: babu wanda ya tambayi mai gorar. Kuma in da burina ya cika, aka bar su yadda nake so in gan su, ai allurar ƙyandar ma ba ta cikin zanen da na zo da shi. Ilmin ganyen da abokina yake jin tsoron ɓacewarsa, daji ne makarantarsa. In an bar musu dajin, su ne suka fi mu sanin abin da za su riƙe da abin da za su saki.

Hoton nan yana nan wurina. Da na dawo na nuna shi a gida, wata gwaggona ta riƙe baki ta ce, “Allah Sarki, ashe har yanzu akwai waɗanda ba su san duniya ba!” Na buɗe baki zan gaya mata batun wayar, sai aka kira ta kicin, maganar ta wuce. In ka duba gefen hoton na dama da kyau, za ka ga gwiwar hannunsa a lanƙwashe, ta nufi wajen kunne.